"Kada Bakina Ya Kama Shi": Nazarin Lamarin Wata Uwa da Ɗanta Ke Duka a Garwa

Ina koyar da matan aure a wata Islamiyya a Garwa, arewacin Kamaru, bayan la'asar, kwana huɗu a mako. Ina kuma cikin matan da ofishin jin daɗin jama'a na gundumarmu, wanda mutanen gari ke kira santir sosiyal, yake nema idan rikicin gida ya kai inda namiji ba ya shiga. Lamarin da zan kawo na ɗaya daga cikin ɗalibaina ne. Da izininta nake rubutawa. Na cire sunaye, na sauya abin da zai sa maƙwabta su gane gidan. Zan kira ta Inna, kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta.

Yadda maganar ta fito

Sau uku cikin wata biyu ta zo aji da ciwo. Na farko ta ce santsi ne ya kwashe ta a bakin famfo. Na biyu ta ce ƙofa ce ta buge ta a duhu. Na uku ta zo da hannun dama ɗaure da tsumma, ta ɗora izu a cinya tana buɗe shafi da hagu, matar da ban taɓa ganin ta miƙa wa yaro ko kofi da hagu ba. Da aka tashi na ce ta dakata ta taya ni naɗe tabarmi. Na tambaye ta kai tsaye ko maigida ne. Ta ce maigida yana hanyar Kusuri, yau kwana 11. Na yi shiru. Ta daɗe tana naɗe tabarma ɗaya tana warwarewa, sannan ta ce, "Malama, wannan yaron ne."

Ba ta faɗi sunansa ba, kuma ba za ta faɗa ba, don ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan an yaba shi sai ta kau da kai. Mu duka mun san wannan kunyar, Hausawan Garwa da Fulanin da muke zaune tare da su. Na ambace ta tun yanzu ne saboda daga baya ita ta zame mana babban shinge.

Abin da ta biyo da shi ya fi na farko nauyi. "Ki rufa mini asiri don Allah. Kada bakina ya kama shi."

Na daɗe ina juya wannan magana. Inna ba duka take tsoro ba kamar yadda take tsoron abin da kukanta zai jawo wa yaron. A ganinta, ranar da ta buɗe baki ta ce ɗana yana dukana, ta ɗebe masa albarka ke nan, ba zai ƙara ganin daidai ba duniya da lahira. Shi ya sa idan ya ture ta ta faɗi, abin da ke fara fitowa daga bakinta shi ne "Allah ya shirye ka", da sauri, kamar mai yayyafa ruwa a kan garwashi kafin ya kama zana. Ga kuma abin da mutane za su ce: wace irin tarbiyya ta ba shi? Shekara biyu tana haɗiye wannan, tana gaya wa kanta ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gidan

Maigidan direban tirela ne. Yana ɗaukar kaya a Ngaundere, inda layin dogo daga Yawunde ya ƙare, ya bi ta Garwa da Marwa zuwa Kusuri, wani lokaci ya tsallaka Injamena. Da jiran lodi da jiran takardun kan iyaka da lalacewar mota, tafiya ɗaya takan ci mako biyu ko uku. Inna tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, tana zubin adashi ranar Juma'a. 'Ya'yansu biyar. Babban yana da shekara 16 a lokacin. Ya bar makaranta a ajin da ake kira katiriyem, wato shekara ta uku ta sakandare, bayan ya maimaita, ya koma haya da babur ɗin wani da dare, sana'ar da muke ce wa kilando. A nan ya koyi shan tramol.

Abin bai fara da duka ba. Yana ɗan shekara 14 ya fara da tsaki da harara, sai zagi, sai shurin kwanuka. Sannan ya ɓalle ƙofar ɗakinta yana neman kuɗi. Sai ture, sai murɗe hannu. Ranar da ta zo mini da tsumma, taɓarya ya fizge daga hannunta ya maka mata.

Na roƙe ta ta riƙa sa alama a kalandar da ke rataye a ɗakinta: ɗigo idan zagi ne, layi idan hannu ya taɓa ta ko an fasa wani abu. Ba ta yi boko ba, amma wannan bai gagare ta ba. Bayan mako shida muka zauna muka duba, sai ga abin da ita kanta ba ta lura da shi ba. Layukan sun taru a wuri biyu: daren Alhamis, lokacin da kuɗin zubi ke cikin gida, da kwana biyu ko uku bayan maigida ya tafi.

Na biyun ne ya buɗe mana ido. Duk dawowar uban, sai wani ya tsegunta masa cewa yaro ya yi kaza, shi kuma ya ciro tsohon bel ɗin mota ya zane shi a tsakar gida, ƙannensa suna kallo. Yaro ba ya ko ɗaga kai. Mota na tashi, sai ya huce a kan wadda ba za ta rama ba. Daga baya, da ya fara sakin jiki da ma'aikacin ofishinmu na jin daɗin jama'a, ya ba shi labarin wani dare yana ɗan shekara takwas, ya rungume ƙafar ubansa yana kuka don ya daina dukan Inna.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu binciken irin wannan matsala. Tun a 1979 wasu masana lafiyar ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Harbin da Madden, suka yi rubutu a kan iyayen da 'ya'yansu ke duka, kuma binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban ya yi ta komawa kan abu biyu: uwa ce ta fi shan dukan, kuma yaron da ya tashi yana ganin duka a gida ko ana dukansa ya fi shiga haɗarin ɗaga hannu. Sanin haka bai wanke yaron ba. Hannunsa ne, shi ya ɗaga. Amma ya nuna mana cewa maganin da kowa zai fara kawowa shi ne ainihin abin da ke ciyar da cutar.

Kuskuren da na yi

Ban san haka ba a makon farko, kuma a nan na tafka kuskure. Na lallashi Inna har ta yarda na gaya wa yayanta, kawun yaron, a tunanina namiji zai tsawata. Kawu ya zo da samari biyu, suka ɗaure shi a jikin darbejiyar ƙofar gida, suka yi masa lilis. Yaro ya ɓace kwana huɗu. Da ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Ya shiga madafi ya fasa kaskon suya, ya tuntsurar da jarkar mai biyu a ƙasa, jarin mako guda ke nan, ya tsaya a kanta ya ce, "Ke kika kai ƙarata ko? Ki sake." Inna ta yi mako uku ba ta zo aji ba, ba ta ɗaga wayata. Na kai maganar wurin mutum ban tambaye shi me zai yi da ita ba, kuma ban shirya inda Inna za ta fake idan abin ya juyo kanta ba.

A waɗannan makonnin dangi suka gwada abin da suka sani. An karɓo rubutu, an yi ruƙiyya. Ba na raina addu'a, ni ma ina yi mata. Kuma malamin da aka kai wa yaron mai gaskiya ne: ya kalli idonsa ya ce wa Kawu wannan ba aljani ba ne, ƙwaya ce, ku nemi likita. Kawu ya kawo shawarar a tsallaka da shi Najeriya a kai shi gidan mari. Inna ta ƙi, don ta ji a rediyo abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da aka fito da mutum fiye da 300, yawanci yara da samari, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Saura hukuma. Ma'aikacin ofishinmu ya yi wa dangi bayani dalla-dalla. Dokar laifuka ta Kamaru, wadda aka sabunta a 2016, ta tsananta hukuncin wanda ya raunata mahaifinsa ko mahaifiyarsa a sashe na 351. Sashe na 80 kuma ya ce yaron da bai kai shekara 10 ba ba a kama shi da laifi, daga 10 zuwa 14 matakan gyara kaɗai ake ɗauka, daga 14 zuwa 18 ana hukunta shi amma da sassauci. Wato ɗan Inna zai iya zuwa gaban alƙali. Akwai kuma cibiyar gwamnati ta gyaran tarbiyyar yara a Marwa. Inna ta saurara har ƙarshe ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ba mu matsa mata ba, amma ba mu rufe wannan ƙofar ba.

Tsaro kafin komai

Da ta dawo aji, ban fara da maganar gyaran yaro ba. Na fara da yadda za ta kwana lafiya. Kafinta ya gyara ƙofar ɗakinta ya sa sakata mai ƙarfi ta ciki. Adda da wuƙaƙe da taɓarya suka koma kwana a gidan maƙwabciya. Kuɗin ciniki ya daina kwana a gida: kullum da yamma ƙanin yaron yakan kai a zuba mata a asusun Orange Money na wayarta, uwar adashi kuma ta yarda ta karɓi zubi ta waya. Muka yi alama da maƙwabciyar: idan ƙaramar yarinya ta shigo ta ce Inna ta ce a ba ta gishiri, to a zo yanzu, a zo da namiji.

Abu ɗaya ya ɗauke mu kwanaki: iyaka. Mun ce idan ya ɗauki makami, ko ya ji mata ciwo a ka, ko ya taɓa ƙananan, za a kira jandarma ba tare da an sake shawara da ita ba. Ta ƙi, ta ƙi, har ranar da ya kai mata mari ya sami 'yar shekara shida da ke riƙe da zanenta. Washegari ita da kanta ta ce ta yarda.

Hanyar da muka bi

Ma'aikacin ofishinmu ne ya kawo tsarin. Wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Tel Aviv, Haim Omer, shi ya tsara shi, ya aro tunanin daga gwagwarmayar Gandhi da Martin Luther King, wato tirjiya ba tare da ɗaga hannu ba. Iyaye ba sa duka, ba sa zagi, amma kuma ba sa miƙa wuya. Suna daina ɓoyewa, su tara masu mara musu baya. Suna sanar da yaro a fili abin da ba za su ƙara lamunta ba. Ba sa mayar da martani lokacin da rai ke ɓace, sai an huce. Kuma suna ci gaba da kyautata masa ko bai gyaru ba. Da ya gama bayani na ce masa ai rabin wannan kakanninmu sun san shi, zaman zaure ne, sai dai an cire bulala. Ɗaya rabin kuwa sai mun yi masa gyaran fuska, don an tsara shi ne ga uwar da za ta iya kallon ɗanta ido cikin ido ta kira sunansa.

Kafin komai sai an warware ƙullin bakin uwa, kuma wannan ba aikina ba ne, ba na ma'aikaci ba ne. Limamin unguwa ne ya yi shi, dattijo mai sanyin magana. Inna na bayan labule, shi yana zaure. Bai yi mata wa'azin haƙuri ba, wanda ta sha har ya ginshe ta. Ya ce mata Allah ya hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "uf", a aya ta 23 ta Suratul Isra'i, kuma saɓa wa iyaye yana cikin manyan zunubai. Sannan ya tambaye ta: "Hajiya, duk daren da ya ɗaga miki hannu kika rufe, wa ake rubuta wa?" Ya kawo mata hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yaya ake taimakon azzalumi, ya ce a hana shi zaluncin. "Faɗa don neman magani ba tsinuwa ba ce," in ji liman. "Tsinuwa a zuciya take, kuma ke ba ki da ita." Na ji kukanta ta bayan labulen. Ni na yi wata biyu ina gaya mata kusan wannan maganar ba ta shige ta ba. Daga bakin da ya dace take buƙatar jin ta.

Sai zaɓen mutane. Wannan karon mun tambayi kowa tun kafin a gaya masa komai: za ka iya zama da yaron nan awa guda ba ka ɗaga murya ba? Kawu ya ce shi ba zai iya ba, muka gode masa da gaskiyarsa, muka ba shi aikin biyan kuɗin asibiti. Aka tsayar da huɗu: Baffa, wato ƙanin uban mai ɗinki a kasuwa, da liman, da mai babur ɗin da yaron ke haya da shi, da Kaka, mahaifiyar uban.

Kaka ce ta fid da mu. Abin da kunya ta hana Inna, wasan jika ya halatta wa Kaka. Tana kiransa "maigidana", tana zolayarsa cewa ya bar ta ba cefane, tana iya kama kunnensa ta faɗa masa maganar da in wani ya faɗa sai an yi jini. Babu littafin da ya gaya mana wannan. A tsakar gidan muka tsince shi.

Muhawara mafi zafi ita ce a kan abin da za a sa a gaba. Dangi sun zo da kaya fal: ba ya sallar asuba, askinsa na 'yan iska ne, yana dawowa ƙarfe biyu na dare, yana jin kiɗa, ba ya gaida manya. Ma'aikaci ya ce a ɗauki biyu kawai, ɗaga hannu da ɗaukar kuɗi ko fasa kaya, sauran a kau da kai tukuna. Baffa ya ce yaya za a yi a kau da kai daga salla? Na ga ma'aikacin ya rasa amsa. Liman ne ya ce ba a ce an yafe masa salla ba, shi zai riƙa tuna masa a matsayinsa na liman, amma a cire ta daga bakin Inna, don duk asubar da ta buga masa ƙofa da faɗa ake ƙarewa. Mai ɗaukar kaya goma a ka ɗaya, in ji shi, ba ya kai ko ɗaya gida. Har yau ina jin nauyin wannan shawarar a raina, amma na ga amfaninta.

Uban shi ne mai wuya. Ni ban zauna da shi ba. Liman da ma'aikaci suka same shi a garejin manyan motoci, a teburin mai shayi. Ya ce shi ma haka aka yi masa, ga shi ya zama mutum, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikaci ya nuna masa hoton kalandar a waya, ya ce ya duba ranakun da ya tashi da mota, ya duba inda layukan suke. Ya daɗe yana kallo. Ya yarda da abu biyu: ba zai taɓa yaron ba, kuma duk inda dare ya yi masa a hanya zai kira shi bayan isha'i, ko da minti biyu ne, ba don tuhuma ba. Maganar dukan da ya yi wa matarsa a baya kuwa ya ce ta wuce, ya ƙi a taɓa ta. Inna ta ce hannu ya daina shekaru, tsawa ce ba ta daina ba. Wannan ɓangaren ba mu gyara shi ba.

Zaman zaure

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi shi, uban yana gari. Da yaron ya shigo ya ga mutane, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Na lura ba fuskokinsu yake kallo ba, hannayensu yake bi ɗaya bayan ɗaya yana neman bulala. Kaka ta daki tabarma kusa da ita ta ce, "Maigidana, zo zauna. Yau ba duka, ni na ce." Ya tsuguna, bai zauna ba.

Mun yi kwana uku muna bitar maganar da Inna. Ta faɗe ta kanta a sunkuye, kamar da tabarma take magana: "Daga yau na daina ɓoyewa. Duk ranar da hannu ya taɓa ni, ko aka ɗauki kuɗi, ko aka fasa kaya, mutanen nan za su ji kafin rana ta faɗi. Ba wanda zai doke ka. Ban tsine ba, kuma ba zan tsine ba." Uban ya ce shi ma ya ajiye bel. Ba a nemi yaron ya amsa ba, ba a ce ya ba da haƙuri ba. Ya yi wata 'yar dariya ta raini, ya tashi ya fita. Baffa ya yunƙura, Kaka ta riƙe masa riga.

Kwana takwas bayan haka ya ture ta a kan sefa 2,000. Yarinya ta je karɓar gishiri, maƙwabci ya shigo, ya tsaya kawai, yaro ya fice. Ba wanda ya bi shi. Washegari da hantsi, lokacin da ya tashi daga barci, Baffa da Kaka suka shiga shagonsa suka zauna. Baffa ya ce, "Mun ji abin da ya faru jiya. Mun zo mu ji yadda za ka gyara." Daga nan ba su ƙara cewa uffan ba. Ya ƙure kiɗa a waya. Ya zage su a fakaice. Ya fita ya bar su, suka ci gaba da zama har awa ta cika, Kaka tana jan carbi. Da yamma mai babur ya ce masa ya ji labari, gobe ma yana son ya ji labari mai daɗi. Da dare uban ya kira daga Marwa ya ce ya ji, bai ƙara komai a kai ba.

Sau huɗu aka yi irin wannan zaman cikin wata biyu. A na uku ne ya ce, yana kallon bango, "To me kuke so in yi?" Baffa ya ce kai za ka faɗa.

Duk wannan lokacin Inna ba ta fasa ajiye masa tuwonsa a rufe ba, ranar da ta samu har da kifin Binuwai da yake so, ko da jiya ya yi laifi. Kawu ya ce wannan ai lada ake ba shi. Na fahimci Kawu. Amma yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi la'ananne ne ba shi da abin da zai yi asara, kuma irinsa ya fi kowa haɗari. Kwanon tuwon nan shi ke gaya masa abin da bakin Inna ba zai iya faɗa ba.

Ƙwaya

Tramol maganin ciwo ne mai dangantaka da su mofin. A asibiti ƙwaya ɗaya yawanci miligiram 50 ce, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babba. Wanda ake sayarwa a bayan fage yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, samari kuma suna haɗiye biyu ko uku da shayi don su kwana a kan babur. Idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan wanda ya saba ya rasa shi, sai gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da saurin fushi, abin da Inna ke gani da safe ke nan tana cewa ya tashi da aljanunsa.

Yaron ya ƙi zuwa asibiti har sai da jijjigar ta kama shi a kan babur cikin zafin bazara, ya faɗi ya kuje fuska da kafaɗa. Allah ya sa ba fasinja. A gadon asibiti ne ya yarda. Likita ya hana a yanke masa lokaci ɗaya, ya tsara a riƙa ragewa sannu a hankali, Baffa ke riƙe da maganin. Makonni biyun da suka fi tsanani a gidan Baffa ya yi su, nesa da Inna, kuma da gangan muka yi haka. Babban asibitin da aka sani da masu taɓin hankali da shaye-shaye, Jamot, yana Yawunde, tafiyar mota zuwa Ngaundere sannan kwana a jirgin ƙasa, abin da gidan nan ba zai iya ɗauka ba. Da abin da ke kusa muka yi. Ya koma sha a hidimar ƙaramar salla, aka sake farawa.

Inda aka tsaya

Bai taɓa cewa Inna ta yafe masa da baki ba. Abin da ya yi shi ne, wata asuba ta fito ta tarar da sabon kaskon suya a jingine a ƙofar madafi, da takardar kasuwa a jiki. Daga baya muka ji wata biyu yana ajiye kuɗin a wurin mai babur. Ta ɗauka, ta juya shi, ta ce "Allah ya yi albarka" da ƙarfi tana fuskantar katanga, don ta san yana shago yana ji.

Akwai inda muka gaza. Hankalinmu duka ya tafi kan babban, muka manta ƙannen. Sai da mai bi masa, ɗan shekara 12, ya yi wa Inna tsaki irin na yayansa sak, ita kuma ƙaramar ta koma fitsarin kwance, sannan muka farga cewa gidan mutum biyar ne suka ga abin, ba ɗaya ba. Yanzu Kaka na ɗaukar ƙananan biyu ranar Asabar, Baffa ya sa mai bi masa a shagon ɗinki bayan makaranta. Uban ma ya karya alkawari sau ɗaya, a wata na biyar, kan maganar man babur. Kwana uku bayan tafiyarsa layi ya dawo kalanda, na farko cikin makonni tara. Ma'aikaci ya tura masa hoton, bai rubuta komai a ƙasa ba.

Yau shekara guda da 'yan watanni da ranar naɗe tabarmi. Wata bakwai ke nan hannu bai taɓa Inna ba. Ɗigo yana nan, mako ɗaya biyu, wani makon ba ko ɗaya. Yaron ya daina hayar dare, yana yin ta rana, yana zuwa wurin wani bakanike da safe. Makaranta ya ce ba zai koma ba. Uban yana kira, ba kullum ba. Masu mara baya suna haɗuwa a zauren liman Juma'ar farko ta kowane wata, kuma yarjejeniyar jandarma tana nan ba a soke ta ba.

Inna ta dawo aji, tana izu na 12. Makon jiya na tambaye ta ko a kira kafinta ya cire sakatar, tunda ta ce tana maƙalewa da damina. Ta ce a'a, a dai sa mata mai. Har yanzu tana tura ta kafin ta kwanta.